Colston a Kwance: Sharhi a kan Gidan Tarihi na M Shed da ke Bristol

Na shiga gidan tarihi na M Shed da ra'ayin da na ɗauka ya zauna daram a zuciyata, wato cewa duk al'ummar da ta fara tuge mutum-mutuman magabatanta ta kama hanyar shafe tarihinta da hannunta, kuma wanda bai ji nauyin karya tagulla yau ba, da wuya ya ji nauyin ƙona littafi gobe. Bayan kimanin sa'o'i uku na fito, ra'ayin nan bai rushe duka ba, amma ya tsage sosai, kuma abin da ya tsaga shi akwatin gilashi ne guda ɗaya da ke hawa na farko, inda mutum-mutumin Edward Colston, attajirin Bristol da ya yi fataucin bayi, yake kwance rigingine, fuskarsa shafe da jan fenti. Saboda wannan akwati na yi tafiyar, kuma a kansa mafi yawan wannan sharhi zai tsaya.

Gidan yana bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Bristol, a kudu maso yammacin Ingila, cikin wani dogon ɗakin ajiyar kaya da aka gina a shekarun 1950, aka mayar da shi gidan tarihin birni a 2011. Shiga kyauta ne, sai dai wanda ya ga dama ya ba da gudummawa, kuma daga tashar jirgin ƙasa ta Temple Meads tafiyar ƙafa ba ta wuce minti 20 ba. A waje akwai manyan injunan ɗaga kaya guda huɗu da suka rage tun lokacin da tashar take aiki, a ƙasa kuma akwai wata tsohuwar koriyar bas mai hawa biyu da ƙatuwar taswirar birnin da aka shimfiɗa a daɓe, wadda yara suke durƙusawa a kanta suna neman unguwanninsu. Duk wannan an tsara shi da kyau, ma'aikatan da na yi wa tambaya sun amsa mini da haƙuri da sani, amma ban daɗe a can ba.

Colston ɗan kasuwa ne da aka haifa a Bristol a 1636, ya rasu a 1721, kuma ya wakilci birnin a majalisar dokoki daga 1710 zuwa 1713. Daga 1680 zuwa 1692 yana cikin kamfanin Royal African Company, wanda a lokacin shi kaɗai doka ta ba wa izinin fataucin bayi daga Afirka ta Yamma a madadin Ingila, har ya kai muƙamin mataimakin gwamnan kamfanin a 1689. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a waɗannan shekaru kamfanin ya loda mutane kimanin 84,000 a jiragensa, maza da mata da yara, kuma kimanin 19,000 daga cikinsu sun mutu kafin a kai gaɓar Amurka, aka jefa gawarwakinsu cikin teku. Daga baya Colston ya kashe dukiya mai yawa wajen gina makarantu da gidajen gajiyayyu da gyaran majami'u, shi ya sa sunansa ya bazu a titunan birnin da makarantunsa da babban zauren kiɗe-kiɗensa, wanda aka sauya wa suna zuwa Bristol Beacon a 2020.

Abin da ban taɓa lura da shi ba sai da na tsaya ina bin jerin shekarun shi ne tazarar da ke tsakanin mutumin da mutum-mutuminsa. An ƙaddamar da shi ranar 13 ga Nuwamba, 1895, wato shekara 174 bayan mutuwar Colston, kuma shekara 88 bayan Birtaniya ta haramta fataucin bayi a 1807. Waɗanda suka kafa shi ba su san Colston ba, kakanninsu ma ba su san shi ba. Attajirai ne na ƙarshen zamanin Sarauniya Victoria da suke neman gwarzon da za su nuna wa talakawan birni a matsayin abin koyi. Allon da suka manna a jikin dakalin ya ce mutanen Bristol ne suka kafa shi don tunawa da "ɗaya daga cikin mafiya nagarta da hikima a cikin 'ya'yan birninsu", ko da yake kuɗin da aka tara daga jama'a bai isa biyan aikin ba, kuma babu kalma ɗaya a allon da ta ambaci bayi. A nan hujjata ta fara rawa. Idan tsoron da nake yi shi ne a shafe tarihi, to allon 1895 ya riga kowa yin shafewar, domin ya ɗauki rayuwar mutum guda ya yanke rabinta, ya kafa sauran a tsakiyar gari na tsawon shekara 125 ana wucewa ana karantawa.

An yi ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar lalama, kuma labarin yadda ƙoƙarin ya ci tura shi ya fi ba ni takaici. A 2018 majalisar birni ta amince a ƙara allo na biyu da zai bayyana hannun Colston a fataucin bayi, sai aka shiga ja-in-ja a kan kalmomi, ana sassauta wannan jimla ana cire waccan, har aka ƙera allon, amma a Maris na 2019 magajin garin na lokacin, Marvin Rees, wanda mahaifinsa ɗan Jamaika ne, ya hana a kafa shi saboda a ganinsa an tsarma maganar da ruwa har ta rasa ɗanɗanonta. Haka aka zauna babu allo har ranar 7 ga Yuni, 2020, mako biyu bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a Amurka, lokacin da masu zanga-zangar Black Lives Matter, masu adawa da wariyar launin fata, suka ɗaura wa mutum-mutumin igiya suka janyo shi ƙasa, suka mirgina shi a kan titi har bakin ruwa, suka tura shi ciki. Kwana huɗu bayan haka majalisar birni ta tsamo shi cike da taɓo.

Shawarar da masu kula da gidan suka yanke bayan tsamo shi ita ce, a ganina, abin da ya fi cancantar yabo a duk ginin. Ba su wanke fentin ba. Masu gyaran kayan tarihi sun cire taɓon a hankali, suka busar da tagullar, suka tabbatar jan fenti da shuɗin da masu zanga-zanga suka fesa bai ɓare ba, domin sun ɗauke shi a matsayin wani shafi na tarihin abin kamar yadda aikin maƙerin da ya zuba shi yake. Ba su tayar da shi tsaye ba, ba su mayar masa da sandar da ya rasa ba. An fara nuna shi na ɗan lokaci daga Yuni na 2021, tare da kwalayen da masu zanga-zanga suka bari a gindin dakalin, aka kuma nemi jin ra'ayin jama'a. Kusan mutum 14,000 suka amsa, kuma huɗu cikin biyar na mazauna Bristol da suka ba da amsa sun zaɓi a bar shi a gidan tarihi. Tun Maris na 2024 ya samu mazauni na dindindin a sashen da ke ba da labarin zanga-zanga da gwagwarmaya a birnin.

Gani ya kori ji. Na ga hotunansa sau da yawa, amma hoto bai shirya ni ga yanayin da mutum yake shiga idan ya sunkuya yana kallon fuskar da aka ƙera don a riƙa ɗaga kai ana dubanta ba. A kan dakali, Colston yana jingine da sandarsa, ya tallafi haɓarsa da hannu kamar mai tunanin halin da talakawa suke ciki. A kwance, wannan tallafar haɓa ta zama wani abu dabam, kuma ba sai an rubuta wa mai kallo abin da zai ji ba. Na lura mutane suna sassauta murya idan sun iso wurin. Wani uba yana ƙoƙarin yi wa 'yarsa ƙarama bayani, ya fara da makarantun da mutumin ya gina, ya yi shiru, sannan ya koma ya faɗa mata daga ina kuɗin ya fito. Ban tsammani akwai ranar da wani ya tsaya a gindin dakalin a tsakiyar gari ya yi wa ɗansa wannan bayani mai ɓangare biyu saboda abin da allon 1895 ya faɗa masa.

Daga nan ne na fara rarrabe abubuwa biyu da na daɗe ina cakuɗawa, wato adana abu da girmama shi. Dakali a dandalin gari magana ce da hukuma take yi da sunan kowa, har da jikokin waɗanda aka sayar, tana cewa ga mutumin da muke alfahari da shi. Birni yana da damar janye wannan magana idan ta daina zama gaskiyar abin da ke zuciyarsa, kuma janyewar ba ta toshe bakin kowa ba, domin mai son kare Colston yana nan da alƙalaminsa da jaridarsa da ƙuri'arsa. Abin da zai zama toshe baki shi ne a narkar da tagullar, ko a kulle ta a inda ido ba zai gani ba. A makon farko na nunin 2021, wata ƙungiya mai fafutukar kare mutum-mutumai ta yi kira ga magoya bayanta su kama tikitocin shiga ta intanet ba tare da niyyar zuwa ba, don kujeru su cika, jama'a su rasa damar gani. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin mutanen da na ɗauka muna sahu ɗaya da su wajen kare tarihi su ne suka nemi hana mutane ganinsa a lokacin da aka gabatar da shi cikakke.

Duk da haka ba zan ce na gamsu da hanyar da aka bi aka sauke shi ba, kuma ina ganin mai ziyara zai cuci kansa idan ya bar jan fentin ya yanke masa hukunci a kan wannan. Firaminista na lokacin, Boris Johnson, ya yi gargaɗi a kan ƙoƙarin tace abin da ya wuce, shi kuma jagoran adawa na lokacin, Keir Starmer, ya ce kuskure ne a tuge shi ta wannan hanya, ko da yake ya kamata tun da daɗewa a sauke shi a kai gidan tarihi. Matsayin Starmer ya fi kusa da nawa. Igiya ba ta da aƙida. Wadda ta janyo Colston yau tana iya janyo wanda nake ƙauna gobe idan taron ya sauya. Kotuna ma ba su yi magana da murya ɗaya ba. Ranar 5 ga Janairu, 2022, masu taimaka wa alƙali yanke hukunci a Bristol sun wanke mutum huɗu da aka tuhuma da ɓarnata dukiya, bayan shari'ar da masanin tarihi David Olusoga ya ba da shaida a cikinta. Babbar lauyar gwamnati ta lokacin, Suella Braverman, ta miƙa batun ga kotun ɗaukaka ƙara, wadda a Satumba na 2022 ta bayyana cewa 'yancin zanga-zanga da na faɗin albarkacin baki ba sa zama kariya idan ɓarnar mai girma ce ko an yi ta da ƙarfi, ba tare da ta soke wankewar mutanen huɗu ba. A shekarar kuma majalisar dokoki ta sauya doka yadda lalata abin tunawa zai iya jawo ɗaurin shekara 10, alhali a da ɓarnar da ba ta kai fam 5,000 ba hukuncinta bai wuce wata uku ba. Ni a wurina laifi mafi girma yana wuyan waɗanda suka shafe shekaru suna jan ƙafa a kan allo guda, domin wanda ya toshe kowace ƙofa ta lalama bai kamata ya yi mamakin ganin an fasa katanga ba. Amma fahimtar dalilin fasa katanga ba ta mayar da fasawar doka.

Ina tsaye gaban akwatin ne na tuna da yadda Jamus ta warware irin wannan ƙulli a kan littafi. Bayan yaƙin duniya na biyu, haƙƙin mallakar littafin Hitler, Mein Kampf, ya koma hannun jihar Bavaria, wadda ta hana sake buga shi har wa'adin haƙƙin ya ƙare a ƙarshen 2015. A Janairu na 2016 wata cibiyar binciken tarihi da ke Munich ta fitar da shi a mujalladi biyu, shafi kusan 2,000, tare da sharhi kimanin 3,500 da masana suka kewaye matanin da su, suna nuna inda marubucin ya yi ƙarya, da inda ya ɗebo ƙiyayyarsa, da abin da kalmominsa suka haifar. An fara buga kwafi 4,000, amma cikin shekara guda an sayar da kimanin 85,000. Wannan ƙasa ce da musanta kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa laifi ne a dokarta, amma ta zaɓi a karanta littafin da sharhi maimakon a bar shi yana yawo a ɓoye babu mai amsa masa. Abin da masanan Munich suka yi wa matani shi ne abin da M Shed ya yi wa tagulla: an bar abin yadda yake, an hana shi yin magana shi kaɗai.

Rikicin littattafan 'yan siyasa masu rai ya fi wuyar sha'ani, domin su ana biyansu kuɗi, kuma babu mai kewaye maganarsu da sharhi. Kwana ɗaya bayan harin da aka kai wa majalisar dokokin Amurka ranar 6 ga Janairu, 2021, kamfanin Simon & Schuster ya soke yarjejeniyar buga littafin Sanata Josh Hawley saboda rawar da ya taka wajen ƙalubalantar sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, shi kuma ya ce an tauye masa 'yancin da tsarin mulki ya ba shi. Tsarin mulkin Amurka gwamnati yake ɗaure wa hannu, bai tilasta wa kamfani buga abin da ba ya so ba, kuma littafin ya fito a wani kamfani, Regnery, cikin 'yan watanni. A Afrilu na 2021 ma'aikatan Simon & Schuster sama da 200 suka sa hannu a takardar neman a fasa buga littafin tsohon mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence, shugaban kamfanin Jonathan Karp ya ƙi, littafin ya fito a 2022. Ina ganin Karp ya yi daidai, kuma akwatin Colston ne ya ƙara mini tabbaci. Littafi ya fi kama da akwatin gilashi fiye da dakali: wanda ya so shi yake ɗauka, yana iya karantawa da fensir a hannu, yana iya rubuta raddi, kuma abin da ɗan siyasa ya rubuta da sunansa hujja ce da za a iya kama shi da ita bayan shekara 50. Iyakar da nake yarda da ita ita ce wadda take hana tunzura mutane su cutar da wasu da kuma ƙage, amma ƙin jinin marubuci kaɗai bai isa dalilin hana al'umma sanin abin da mai mulkinta yake tunani ba.

Akwai abin da ya rage mini a zuciya bayan na fito, kuma ba na ganin akwati ɗaya zai iya magance shi. Da yake an sanya mutum-mutumin a cikin labarin zanga-zanga, kusa da tarihin irin ƙauracewa motocin bas da Paul Stephenson da abokansa suka jagoranta a 1963 saboda kamfanin ya ƙi ɗaukar baƙar fata da 'yan Asiya aikin tuƙi da kwandasta, hankalin mai kallo yana karkata ga ranar da aka tuge shi da mutanen da suka tuge shi. Wannan labari ne mai daraja. Sai dai har yanzu Colston ne mai suna, mai fuska, mai tarihin haihuwa da mutuwa, su kuwa mutum 84,000 sun tsaya a matsayin adadi. Gidan yana da sashe a kan fataucin bayi, kuma ya dace a tsaya a karanta shi, amma nauyin abin ya fi ƙarfin kusurwa ɗaya a gidan tarihin da dole ya ba da labarin jiragen sama da taba da ƙwallon ƙafa su ma. Bayan an karya babakeren Royal African Company a 1698, jiragen Bristol sun yi tafiya sama da 2,000, suka kwashi 'yan Afirka kimanin rabin miliyan kafin 1807, kuma da aka soke bautar a dokar 1833, masu bayin ne gwamnati ta ware wa diyyar fam miliyan 20, bayin ba su samu ko sisi ba. Birnin Liverpool ya buɗe gidan tarihi na musamman a kan bauta tun 2007. Birnin Bristol da ke da irin wannan lissafi a wuyansa ya cancanci yin haka, don tsugune ba ta ƙare ba da kwantar da mutum guda.

Ga wanda zai je, shawarata ita ce ya ware aƙalla sa'o'i biyu, ya fara da sashen fataucin bayi kafin ya isa akwatin, domin tsarin da mutum ya bi yana sauya abin da zai gani a fuskar tagullar. Idan ya fito, ya tsallaka ruwa ya bi gaɓa zuwa gadar Pero, mai siffar ƙahoni biyu, wadda aka buɗe a 1999 aka sa mata sunan Pero Jones, bawan da wani attajiri mai gonakin rake ya kawo Bristol daga tsibirin Nevis a ƙarni na 18, ya mutu bai samu 'yanci ba. Dab da wannan gada aka tura Colston cikin ruwa. Daga nan 'yan mintoci ne zuwa dakalin, wanda yake nan tsaye a tsakiyar gari babu kowa a kansa, motoci suna kewaye shi. Na isa wurin da la'asar, na zagaya shi sau biyu, na tarar da wasu matasa zaune kusa da shi suna gardama a kan ko ya kamata a ɗora wani a kai ko a bar shi haka, kuma har na bar wurin don in kama jirgi ba su daidaita ba.